TUN RAN GINI, RAN ZANE: MAGANAR MATAKALAR BENE A ƘASAR BAGUDO

Cikin dukan sassan gini, babu wanda ake amfani da shi dare da rana kamar matakala, kuma babu wanda ake barin maganarsa sai ƙarshe kamarta. Mai gida yakan zauna da magini su yi shawarar yawan ɗakuna, da inda ƙofa za ta fuskanta, da irin kwanon da za a yi rufi da shi, har da launin fenti. Amma da zarar an zo kan yadda za a hau sama, sai a ce a bari tukuna a zuba dekin, watau daɓen kankare na sama, daga baya a san yadda za a yi. Sai bayan kankare ya bushe ne ake gane cewa gurbin da aka bari bai isa ba. Sakamakon haka shi ne irin matakalar nan da mai karatu ya sha gani a kantuna da gidaje, mai tsauri kamar tsani, wadda tilas dogon mutum ya sunkuya a tsakiyarta, in kuwa ya manta goshinsa ya gaisa da kankare.

Wannan al'amari ya wuce abin dariya. A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutane 684,000 ne ke mutuwa kowace shekara ta dalilin faɗuwa, kuma in an ɗebe haɗarin mota babu wani tsautsayi da ke kashe mutane kamar faɗuwa. Fiye da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mutane suna ƙasashe masu tasowa ne, kuma tsofaffi 'yan sama da shekara 60 su suka fi yawa. Gaskiya ne ba dukansu suka faɗo daga matakala ba, amma matakala tana cikin wuraren da ake iya yin rigakafi da kuɗi kaɗan. Kyanta ko muninta lissafi ne wanda bai fi ƙarfin ɗan aji shida na firamare ba, sai dai tilas a yi shi tun ba a ɗora bulo na farko ba.

ƘASA MAI KOGI DA IYAKA

Ƙaramar Hukumar Bagudo tana yammacin Jihar Kebbi, cikin masarautar Gwandu. Tana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 19 da aka kafa a tsohuwar Jihar Sakkwato a gyaran mulki na 1976, sa'an nan ta faɗa cikin Jihar Kebbi da aka ƙirƙiro a 1991. Ta wannan yanki ne Kogin Kwara ya shigo Nijeriya, ya raba ƙasar biyu. Daga Bagudo in mutum ya haye gadar Tuga zai kama hanyar Ka'oje da Tsamiya, inda ake shiga Segbana ta Jamhuriyar Benin. Ta wajen Illo da Lolo kuma hanya ta nufi Madekali da babbar kasuwar Malanbil. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa duk suna zaune a nan, da yawansu kuma suna da dangi a ƙetaren iyaka.

Abubuwa uku ne ke sa mutumin wannan yanki ya yi tunanin ɗaga gininsa sama. Na farko shi ne ƙarancin fili a bakin kasuwa da gefen hanya, inda kowane ɗan kasuwa ke son ya sami kanti a ƙasa da sito a sama. Na biyu shi ne ambaliya. Ruwan da ya cinye gonakin shinkafa a Jihar Kebbi a shekarar 2020 bai bar Bagudo ba, kuma wanda ya taɓa ganin ruwa ya shiga masa sito ba ya bukatar a gaya masa amfanin ajiye hatsi a sama. Na uku shi ne kuɗin noma, musamman tun daga watan Nuwamba na 2015 da aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi. Manomin da ya sami riba, abin da yake fara yi shi ne gyara gida.

Bene ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Tun kafin zuwan Turawa, sarakuna da attajirai suna gina shi da tubali da azara, kuma hasumiyar masallacin Agadas, mai tsayin kimanin mita 27, da matakala ake hawanta ta ciki. Maginan wancan zamani da jikinsu suke awo, da kamu da gaba, kuma azarar giginya ba ta ɗaukar tazarar da ta wuce kamar ƙafa 6 sai an yi mata dabara, saboda haka ɗakuna da matakalu duk ƙanana ne. Amma ginin ƙasa yana da wani sauƙi guda. In mataki ya yi tsayi, sai a sassare shi a sake yaɓe, domin dama kowace shekara ana gyara bayan damina. Kankare ba ya karɓar irin wannan gyara. Abin da aka zuba yau shi jikoki za su gada.

ƘAFA DA INCI, MITA DA SANTIMITA

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka yi a 1898 ita ce ta raba ƙasar Bargu, ta bar Illo a hannun Ingila. Ban da harshen makaranta da kuɗin kashewa, wannan iyaka ta bar wa jama'a awo iri biyu. Nijeriya ta koma ga awon mita a shekarun 1970, amma har yanzu birkila da kafinta a nan da ƙafa da inci suke magana: bulo mai inci 9, bulo mai inci 6, ɗaki ƙafa 12. Takwaransu na Benin da mita da santimita ya koyi sana'a. Sanannen abu ne kuma cewa magina da masu ɗora tayil daga Benin da Togo suna aiki a gine-gine ko'ina a Nijeriya, balle a garuruwan da ke bakin iyaka. Saboda haka a gini ɗaya ana iya samun zane da aka rubuta da milimita, da birkila mai lissafi da inci, da mai tayil mai lissafi da santimita.

A jikin bango, kuskuren santimita biyu filasta za ta rufe shi. A kan matakala kuwa babu abin da zai rufe shi, domin ƙafar ɗan Adam tana koyon tsayin mataki tun daga na biyu ko na uku, daga nan sai ta ci gaba da ɗagawa daidai wannan gwargwado ba tare da mai ita ya duba ba. Duk matakin da ya saɓa wa 'yan'uwansa, a nan ake tuntuɓe.

Wani kuskure da ya zama ruwan dare shi ne mai da bulo ma'aunin mataki. Bulon Nijeriya yana da tsayin inci 9, watau santimita 22.5, in an haɗa da kwaɓin siminti ya kai wajen 25. Na Benin yakan tsaya a santimita 20 kafin a sa kwaɓi. Jera bulo a yi matakai yana da sauri da araha, amma mataki mai santimita 25 wahala ce ga tsoho da mace mai ciki da yaro, da duk wanda ya ɗaura zane ko ya sa babbar riga.

Wanda ya fara rubuta ƙa'idar wannan lissafi Bafaranshe ne mai suna Faransuwa Bulondel, masanin gine-gine, a cikin littafinsa na koyar da gini da ya fara fitowa a 1675. Ya lura cewa takun mutum a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa yana da iyaka, kuma gwargwadon yadda yake ɗaga ƙafa sama, gwargwadon yadda takun ke raguwa. Daga nan ya fitar da ƙa'ida cewa in an ninka tsayin mataki sau biyu, aka haɗa da faɗinsa, watau wurin da tafin ƙafa ke sauka, jimlar ta zama inci 24 na tsohon awon Faransa, kimanin santimita 65. A yau masana sun fi amfani da santimita 60 zuwa 64. Da wannan ƙa'ida ake aiki a makarantun gini na ƙasashen Faransanci da na Ingilishi baki ɗaya, dalili kuwa shi ne takun mutumin Illo da na mutumin Madekali duk ɗaya ne.

ABIN DA DOKA TA TANADA

A Nijeriya, Dokar Tsara Birane da Yankuna mai lamba 88 ta 1992 ta wajabta wa mai son yin gini ya nemi izini, ya kuma gabatar da zanen gininsa. A 2003 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, cewa tsara gine-gine a cikin jiha aikin gwamnatin jiha ne. A 2006 aka fitar da Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa, wanda ya ƙunshi maganar hanyoyin fita daga gini da matakalu, aka kuma bar wa kowace jiha ta mai da shi dokarta. A Jihar Kebbi, Hukumar Raya Birane ita ce ke duba zanen gini a birane, kowace ƙaramar hukuma kuma tana da Sashen Ayyuka. Akwai kuma hukumomin da ke yi wa ƙwararru rajista: ta masu zanen gini an kafa ta a 1969, ta injiniyoyi a 1970, ta magina masu ilmin zamani a 1989. A Benin kuwa, daga ofishin magajin gari ake karɓar takardar izinin gini.

Domin a ga irin awon da masana suka tsaya a kai, yana da kyau a dubi na Ingila, ƙasar da Nijeriya ta gaji yawancin tsarin aikin gininta. A can, matakalar gidan zama ba a yarda tsayin matakinta ya wuce santimita 22 ba, faɗinsa kuma kada ya gaza 22, sa'an nan karkatar matakalar gaba ɗaya kada ta wuce digiri 42. Ma'anar wannan sharaɗi na uku ita ce ba a haɗa mafi tsayi da mafi ƙanƙanta a mataki ɗaya. Sararin da ke tsakanin mataki da abin da ke bisa kan mai hawa, tilas ya kai mita 2. An yi sassauci guda ga wanda ya mai da ƙarƙashin rufin gidansa ɗaki: in wuri ya ƙi, an yarda da mita 1.9 a tsakiyar matakala da mita 1.8 a gefenta. Abin dafawa kuma ya kasance tsakanin santimita 90 da 100 daga kan mataki, tazarar sandunansa kada ta kai santimita 10, don kada kan yaro ya shige. A Amurka, ƙa'idar gidajen zama da yawancin jihohi ke bi ta ce bambancin da ke tsakanin mataki mafi tsayi da mafi gajarta kada ya wuce kashi uku cikin takwas na inci, watau bai cika santimita ɗaya ba.

Waɗannan lambobi ba doka ba ne a Bagudo, amma daga jikin ɗan Adam aka auno su, saboda haka ma'auni ne mai amfani a ko'ina.

YADDA AKE LISSAFIN

A ɗauki misalin ɗan kasuwa mai kanti wanda zurfinsa ƙafa 12 ne, watau santimita 366, yana son ya ɗora ɗaki a sama. Daga daɓen ƙasa zuwa saman daɓen bene mita 3 ne, santimita 300 ke nan.

Da farko sai a raba 300 da tsayin da ake so, a ce 17.5. Amsa ita ce 17 da 'yan kai. Tun da babu rabin mataki, sai a tsaya a 17, a sake raba 300 gida 17, kowane mataki ya tashi santimita 17.6. Ninkinsa biyu 35.2 ke nan. In an ɗebe wannan daga 63, saura wajen 28, shi ne faɗin mataki. Da yake hawa na ƙarshe daɓen benen ne da kansa, wuraren taka ƙafa 16 ne, kuma 16 sau 28 ya ba da santimita 448. Nan take mai kanti zai ga cewa miƙaƙƙiyar matakala ba za ta shiga kantinsa mai santimita 366 ba. Sanin wannan a kan takarda bai ci masa ko kwabo ba. Saninsa bayan an zuba dekin kuwa shi ke haifar da tsani.

A nan ne kuma rikicin inci da santimita ke shigowa. In birkila ya ga 17.6 ya ce ai inci 7 ne, ya yi kusa amma bai yi daidai ba, domin inci 7 santimita 17.8 ne. Kafin ya kai sama, ɗan wannan bambanci ya taru, mataki na ƙarshe ya gaza sauran da fiye da santimita 2, kuma shi ne matakin da mai saukowa yake fara takawa. Maganin wannan tsohuwar dabara ce ta kafintoci. A sami miƙaƙƙen katako a yanke shi daidai tsayin hawan gaba ɗaya, a raba shi gida 17 daidai wa daida, a yi alama. Da wannan sanda za a auna kowane mataki, ba ruwanta da inci ko santimita. Wajibi ne kuma a sa kaurin tayil da siminti na ƙasa da na sama cikin lissafi tun farko, in ba haka ba mataki na farko da na ƙarshe za su saɓa bayan an gama ado.

SARARIN KAI

Sashen da aka fi yin kuskure a kai shi ne girman gurbin da za a bari a jikin dekin. In kaurin dekin inci 6 ne, watau santimita 15, to ƙasansa yana santimita 285 daga daɓe. Mai hawa yana bukatar santimita 200 bisa matakin da yake kai. Ke nan matakai huɗu na farko kaɗai ne za su iya zama a ƙarƙashin dekin, domin na biyar ya riga ya kai tsayin santimita 88. Daga nan har sama tilas a bar sarari a buɗe, tsawonsa kimanin santimita 340, fiye da ƙafa 11.

In aka bar gurbi mai ƙafa 8 kawai, wanda da ido ana ganin kamar ya wadatar, sararin da zai rage a bakin dekin bai wuce santimita 139 ba. Ko yaro ɗan sakandare sai ya duƙa. In kuma akwai bim mai zurfin santimita 45 da ya gitta a bakin gurbin, daga ƙasan bim ɗin za a yi awo, gurbin kuma sai ya kai wajen santimita 390. Ko matakala mai tsauri wadda ƙa'idar Ingila za ta karɓa a wannan misali, mai hawa 15 na santimita 20 da faɗin 23, tana bukatar gurbi mai kusan santimita 250.

Akwai kuma abin da waɗanda suka rubuta ƙa'idojin Turai ba su sa cikin lissafi ba, shi ne ɗaukar kaya a ka. Lebura mai tsayin santimita 170 in ya ɗora buhun shinkafa ko na albasa a kansa, ya riga ya wuce mita 2. Haka mace mai ɗauke da kwano ko bokitin ruwa. Mutumin da buhunsa ya bugi kankare yana tsakiyar hawa, baya zai faɗa, ga kaya a kansa. Saboda haka mita 2 mafi ƙaranci ke nan, sassaucin nan na mita 1.9 kuma bai dace da sito ba sam. Inda za a riƙa hawa da kaya, gara a nemi santimita 220.

Idan ɗakin sama a ƙarƙashin rufin kwano yake, sai a lura da wani abu kuma. Rufi yana da tsawo a tsakiya, yana gangarowa zuwa bango. Mutane sukan so su manna matakala a kusurwa don kada ta ci wuri, alhali kuwa a nan ne rufi ya fi kusa da kai. Daidai shi ne a sa bakinta na sama ya fito inda rufin ya fi tsawo. Mafi sauƙi kuma shi ne a ƙara layi biyu na bulo kafin a ɗora rufi, wanda zai ba da kusan santimita 50, ya kuma rage zafin kwano a lokacin bazara. Kuɗin layi biyu na bulo ba a kwatanta shi da kuɗin kwance rufi.

Haka nan masu raba kanti mai tsayin ƙafa 12 gida biyu su sani cewa in an bar wa ƙasa santimita 240, aka ɗebe kaurin daɓe, abin da ya rage a sama bai wuce 111 ba. Wannan ma'ajiyar kaya ce, ba wurin kwanan yaran kanti ba.

IDAN WURI YA YI KAƊAN

Hanya ta farko, kuma mafi aminci, ita ce a karya matakala biyu. A misalin da ya gabata, sai a yi hawa 9, a sami sararin hutawa mai santimita 90, sa'an nan a juyo a yi hawa 8. Tsawonta zai dawo kimanin santimita 314, faɗinta 180, ta shiga kantin ke nan. Wani amfaninta shi ne wanda ya zame ba zai gangaro tun daga sama har ƙasa ba. Sai dai a tuna cewa sararin hutawar yana tsayin santimita 159, don haka shi ma tilas samansa ya kasance a buɗe.

Hanya ta biyu ita ce matakai masu juyawa a kusurwa, masu faɗi a gefe ɗaya da tsini a ɗaya gefen, ko kuma matakala mai murɗiya irin wadda masu walda ke ƙerawa. Waɗannan suna rage cin wuri, amma hawa da katifa ko buhu a kansu wuya ne, sauko da marar lafiya kuwa ya fi wuya. Akwai kuma wata mai rabin mataki dama rabi hagu, wadda a Ingila ba a yarda da ita ba sai in ɗaki ɗaya tak take kaiwa, kuma da abin dafawa a kowane gefe. Ba ta dace da gidan da ke da tsofaffi ba.

Ga mai sito, dabara mai kyau ita ce a raba hanyar mutum da hanyar kaya. A buɗe ƙofa a bangon sama ta waje, a riƙa jawo buhuna da igiya kamar yadda ake jan guga, ko a miƙa su daga kan mota. Amma tilas a gaya wa injiniya tun farko cewa hatsi za a ajiye, domin bisa ƙa'idar Ingila da injiniyoyin ƙasar nan suka daɗe suna aiki da ita, daɓen ɗakin kwana ana lissafa masa nauyin kimanin kilo 150 ne a kan kowane murabba'in mita, alhali buhu goma masu kilo 50 in an jera su bisa juna kilo 500 ne a wuri guda.

Abin da bai kamata a yi ba ko kaɗan shi ne a sa lebura ya fasa dekin da guduma don a faɗaɗa gurbi. Rodin da ke cikin kankare shi ke riƙe da nauyi, yanke shi ba tare da shawarar injiniya ba kuwa kasada ce da rayukan mutane. Haka kuma ƙarƙashin matakala ba wurin ajiye jarkar fetur ko janareta ba ne. A yawancin benaye ita kaɗai ce hanyar fita, tagogi kuma duk an sa musu ƙarfe saboda ɓarayi.

HAƘƘIN MAƘWABCI

Hanya ta ƙarshe ita ce a fitar da matakala waje, a jingina ta da bango, kamar yadda magabata suke yi wajen hawa kan soro. Wannan ta kawar da matsalar sararin kai gaba ɗaya, tun da sama ce rufinta. Amma tana jawo wata magana wadda ta girmi dokar 1992 nesa ba kusa ba. Wanda ya tsaya a kan matakalar waje yana iya hango cikin gidan maƙwabcinsa, inda iyali ke harkokinsu.

Malaman mazhabar Malikiyya sun daɗe da yin bayani a kan wannan, bisa ƙa'idar hana cutar da maƙwabci. Wani magini na birnin Tunis mai suna Ibnur Rami ya rubuta littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen gini a ƙarni na 14, inda ya kawo shari'o'in tagogi da rufin da ke leƙa gidan wani. A masarautar Gwandu ma, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya yi rubutu a kan mallakar fili, kuma Alƙalin Gwandu Idrisu ɗan Halidu ya tattara hukunce-hukunce don amfanin alƙalai a ƙarni na 19, ciki har da rigingimun gini tsakanin maƙwabta. Saboda haka mai son matakalar waje sai ya juya ta ta fuskanci titi ko cikin gidansa, ko kuwa ya gina mata katanga wadda ta wuce tsayin ido. Yin haka tun farko ya fi a je gaban mai unguwa daga baya.

AIKI GA MA'AIKATA DA ƊALIBAI

Yawancin gine-ginen ƙauyuka da ƙananan garuruwa ba sa biyowa ta teburin mai zanen gini, kuma ba a sa ran wannan hali zai sake cikin dare ɗaya. Amma akwai abin da za a iya yi yanzu. Ma'aikacin Sashen Ayyuka da aka kawo wa zanen bene, kada ya tsaya ga shafin da ya nuna jerin ɗakuna kawai. Ya nemi shafin da ya nuna ginin a tsage daga sama zuwa ƙasa ta kan matakala, ya duba abu huɗu: tsayin mataki, da faɗinsa, da tsawon gurbi, da sararin kai a bakin dekin ko bim. In babu wannan shafi, zanen bai cika ba. Lokacin da ya fi dacewa a kai ziyara wurin gini kuma shi ne ranar da kafinta ya gama kafa katakon dekin, kafin a zuba kankare, domin a ranar matsar da katako ɗaya ya isa gyara.

Gwamnati ita ma mai gini ce. Makarantu da asibitoci da ofisoshi masu bene da ake bayarwa kwangila, su ne magina na gari suke kwaikwayo, don haka wajibi ne matakalunsu su zama abin koyi. Ɗaliban da ke karatun fasahar gini a Kwalejin Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi da sauran makarantu kuwa, in sun je hutu gida, babu gudummawar da ta fi su zauna da birkilan unguwarsu su nuna masa lissafin nan da sandar awo, cikin ladabi, da Hausa ko Dandanci ko duk harshen da ya fi ji. Shi ma yana da abin da zai koya musu wanda babu shi a littafi.

Ga mai gida kuma, ya tuna cewa matakalar da ya gina yana ɗan shekara arba'in, ita zai hau yana ɗan shekara saba'in, in Allah ya ba shi tsawon rai. Hausawa sun ce tun ran gini, ran zane.